Ba Shara Ce Ta Cika Maka Waya Ba

Duk mai riƙe da wayar Android ya san saƙon nan da kan faɗo a saman allo yana cewa wuri ya kusa ƙarewa. Daga nan sai kyamara ta ƙi ɗaukar hoto, saƙon murya ya ƙi sauka, manhajar banki ta ƙi sabuntawa. Abin da mutane da yawa kan yi shi ne su garzaya su sauke wata manhaja mai alamar tsintsiya ko roka, wadda ta yi alkawarin share tarkace da ƙara wa waya gudu da dannawa ɗaya. A ganina wannan ɓata lokaci ne, wani sa'in ma cutarwa. Galibin abin da ke cika waya kaya ne da mai ita ya ɗauka da hannunsa, ko ya bar ƙofa a buɗe aka jibge masa, kuma babu manhajar da za ta zaɓa masa abin da zai riƙe da wanda zai zubar.

Wurare biyu ne a cikin waya da ake yawan cakuɗa su. Akwai ma'ajiya, inda hotuna da bidiyo da manhajoji ke zama ko an kashe wayar, ita ce ake rubuta wa gigabait 64 ko 128 a jikin kwali. Akwai kuma ram, mai gigabait 2 ko 4 ko 8, inda waya ke ɗora abin da take aiki da shi a yanzu. Kamar shagon tela ne: ma'ajiya ita ce kabad ɗin da yaduka ke jere, ram kuma teburin yanka. Telan da teburinsa ke cike da kayan da yake ɗinkawa aiki yake yi, kuma wanda ya zo yana kwashe su yana mayarwa kabad kowane minti biyar wahala kawai yake ƙara masa. Haka aka tsara Android. Da gangan take barin manhajojin da ka buɗe ɗazu a cikin ram don su tashi da sauri in ka koma, kuma ita da kanta ke rufe waɗanda aka daɗe ba a taɓa ba idan wuri ya yi ƙaranci. Idan manhajar shara ta kashe su da ƙarfi, da yawansu sake tashi suke yi, kuma tashi daga farko ya fi cin batir.

Kamfanin Google ma ya tabbatar da haka a aikace. Daga Android 14, wadda ta fito a 2023, an hana kowace manhaja kashe wata da ke aiki a bayan fage, kuma kamfanin ya bayyana wa masu ƙirƙirar manhaja cewa manhajar da aka sauke ba ta da ikon gyara yadda waya ke sarrafa ram ko batir ko zafi. Tun daga Android 6 a 2015 aka ƙwace wa irin waɗannan manhajoji damar goge ajiyar wucin gadi ta sauran manhajoji kai tsaye. To da me suke cin abinci? Da talla. Clean Master ta kamfanin Cheetah Mobile na ƙasar Sin ta taɓa zama kan gaba a wannan fanni a duniya, amma a watan Fabrairun 2020 Google ya cire manhajojin kamfanin daga Play Store, a wani share fage da ya shafi manhajoji kusan 600 saboda karya ƙa'idojin talla. Mai tsintsiyar da ke neman izinin ganin duk fayilolinka, tana zaune a ram dare da rana tana zuƙe data wajen sauko da talla, ita ma kaya ce a kan wayar.

Wani zai ce ai da idonsa ya ga an share gigabait guda. Gaskiya ne, amma mene ne aka share? Yawanci ajiyar wucin gadi ce, wadda masu gyaran waya ke kira kash: hotuna da guntayen bidiyo da Facebook ko TikTok ko Chrome suka adana don kada su sake sauko da su gobe. Idan ka goge su, cikin 'yan kwanaki za su dawo, kuma da kuɗin datarka za su dawo. Android kanta takan rage su in wuri ya matse. Ban ce kada a taɓa kash ba, domin wata manhajar takan tara fiye da kima, kuma idan ta fara sarƙewa gogewar takan warware ta. Sai dai wannan aikin minti ɗaya ne a saitin waya, a shafin ita manhajar. A nan a yi hattara, don maɓallai biyu ne kusa da juna. Ɗaya kash yake gogewa, ɗayan kuma data, wato ya mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta. Wanda ya danna na biyun a kan WhatsApp ba tare da ajiyar kariya ba yana iya rasa hirarrakinsa na shekaru.

Inda kayan suke da gaske shi ne bidiyo. Minti ɗaya na bidiyo mai ingancin 1080 kan ci megabait 60 zuwa 130, gwargwadon wayar, don haka ɗaukar biki guda kan haɗiye gigabait biyu ko uku. Sai fina-finan da aka karɓa a wajen masu turi ko ta Xender, aka kalla aka manta. Sai uwa-uba WhatsApp. Mutum yana cikin zauren dangi da na 'yan makaranta da na unguwa da na siyasa, wa'azi ɗaya ko barkwanci ɗaya ya zagayo ta ko'ina, wayar kuma tana saukewa ba tare da tambaya ba. Har abin da kai ka tura wa wasu yana da kwafi a wata jakar da ba ta bayyana a cikin hotunanka. Tun watan Nuwamban 2020 WhatsApp ya sa wani shafi a sashen ma'ajiya da data na saitinsa, wanda ke ware fayilolin da suka wuce megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa, ya kuma jera hirarraki daga mafi nauyi. Rabin sa'a a wannan shafi ya fi shekara guda ta danna tsintsiya. Mafi muhimmanci, a nan kusa ne ake kashe saukewa ta kai tsaye, ta yadda bidiyo ba zai shigo ba sai ka taɓa shi. Kuma in an goge hoto a duba kwandon shara, domin wayoyi da yawa kan riƙe shi har kwana 30 kafin wurin ya samu.

Akwai dalilin da ya sa waya kan yi sauri bayan irin wannan rage kaya. Ma'ajiyar waya ba ta iya rubutu a kan tsohon rubutu kai tsaye. Sai ta share babban yanki gaba ɗaya kafin ta sake amfani da shi. Idan fili ya yi kaɗan, dole ta riƙa kwashe bayanai daga nan zuwa can kafin ta adana ko da ƙaramin abu, shi ne nauyin da kake ji. Tun Android 4.3 a 2013 wayar ke yin wannan gyaran fili da kanta idan tana hutawa, abin da take buƙata daga gare ka kawai sarari ne. Barin kashi ɗaya cikin goma a buɗe dabara ce mai kyau. Ga mai son taimako wajen gano kwafi biyu da manyan fayiloli, manhajar Files ta Google, wadda ta fito a 2017, tana nuna su ba tare da talla ba, ta bar maka zaɓi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ga masu son manhajar shara ita ce ta mai wayar gigabait 32, wanda tsarin wayar da manhajojin da suka zo da ita sun riga sun cinye kaso mai tsoka. Shi kam ko ya yi tsantseni zai matsu, kuma ba kowa ke da kuɗin sabuwa ba. Amma shi ne ma ya fi kowa asara idan ya ƙara wa wayar manhajar shara. Abin da zai fisshe shi shi ne ƙananan manhajoji irin Facebook Lite, da cire duk wadda ya yi watanni bai buɗe ba, da mayar da hotuna da fina-finai katin memori. Gigabait 15 na ajiya a intanet da Google ke bayarwa kyauta ba ya zuwa ko'ina, tunda Gmail da hotuna na ci daga ciki, kuma tun 2024 ajiyar kariyar WhatsApp ma daga nan ake lissafa ta. Katin ma yana da tarkonsa: akwai na jabu da ke nuna gigabait 64 alhali ainihinsa bai kai haka ba, ya yi ta karɓar kaya yana lalata su. Kafin a goge asalin hotuna daga waya, a cika sabon katin da manyan fayiloli, sannan a buɗe na farko da na ƙarshe a tabbatar duk suna aiki.