Fargabar Ƙanjamau Bayan Saduwa Ba da Kwaroron Roba Ba

A Kebbe da Tambuwal, inda zazzaɓin cizon sauro ke yawaita da damina, wanda ya sadu ba da kwaroron roba ba yakan zargi kowane zazzaɓi, alhali alamun farko na ƙwayar HIV, wato zafin jiki da ciwon maƙogwaro da ƙuraje da kumburin kaluluwa, sukan bayyana ne bayan mako 2 zuwa 4, wasu ma ba sa jin komai. Don haka alamu ba hujja ba ne; gwajin jini kaɗai ke tabbatarwa.

Abin da ya fi gaggawa shi ne sa'o'i 72 na farko, domin a cikinsu ne ake iya fara maganin rigakafi da likitoci ke kira PEP, wanda ake sha kullum har kwana 28 don hana ƙwayar kafuwa a jiki, kuma abin takaici ne yadda kunya ke sa mutane ɓata wannan lokaci a kantin magani maimakon su nufi babban asibiti. Gwajin gaggawa yana neman sinadaran da jiki ke samarwa don yaƙar ƙwayar, waɗanda kan ɗauki har wata 3 kafin su bayyana, shi ya sa ake maimaita shi.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar HIV, kuma asibitocin gwamnati suna ba da maganin rage ƙarfinta kyauta.