Yadda ake zaɓen ƙafar keken hawa tsauni a Gwallameji

A unguwar Gwallameji, maƙwabciyar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, da zarar mai keke ya sauka daga titin Dass sai ya shiga lunguna masu tsakuwa da ramuka, waɗanda ruwan damina ke ƙara zaizayewa. A irin wannan hanya, ƙafar keke ce ke fara jigata.

Gargaren ƙafa iri uku ne. Na baƙin ƙarfe yana da araha, sai dai yana da nauyi kuma yana tsatsa. Na kabon ya fi sauƙin nauyi, amma yana da tsada, kuma idan ya tsage mai gyara na bakin titi ba zai iya ceto shi ba. Na alminiyam mai bango biyu shi ne matsakaici: ba nauyi, ga ƙarko, ga sauƙin kuɗi.

Girman ƙafar kan zama inci 26, ko 27.5, ko 29. Mai inci 26 ce ta fi yawa a kekunan gwanjo, don haka tayarta da tub ɗinta ba sa wuyar samu. Ƙafa mai wayoyi 32 ko 36 ta fi jure kaya, kuma ko ɗaya ta tsinke za ta kai mutum gida.

Kafin biyan kuɗi, a ɗaga keken a juya ƙafar. Idan tana layi, ko boris na ƙara, ko birki ya cinye gefen gargaren, a haƙura da ita. Ƙafar da ake iya gyarawa a unguwa ita ce mai araha ta gaskiya.