La'adar mai hoto a filin ƙwallon yara: ba nan gizo ke saƙar ba

Da zarar an shiga babban hutu, gasar ƙwallon matasa da ake kira TGV ta kankama a unguwanni, sai tsohon ƙorafi ya farfaɗo a majalisu da zaurukan WhatsApp: wai shugabannin ƙungiyoyi na karɓar wani abu a hannun masu hoto kafin su bar su su shiga fili. Daga Magariya har Dungas, da yawa na kiran wannan cin hanci. An fahimci maganar a baibai, kuma hayaniyar tana rufe asarar da ta fi wannan girma.

Abin da ake karɓa la'ada ce. Duk wanda ya taɓa kai bisa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san mai haɗa ciniki yana da rabonsa. Ƙungiya ce ta tara yaran, ta share fili, ta sayi ƙwallo da riguna, mai hoto ya tarar da kasuwa a haɗe. A Amurka da Ingila ma kamfanonin hoto na ba ƙungiyoyin yara kaso daga ciniki, sai dai a rubuce. Hanyoyin uku ne: kuɗi dunƙule tun farko, ko kaso a kan kowane hoton da aka saya, ko mai hoto ya biya da aikinsa, ya ɗauki hoton ƙungiya da na katin 'yan wasa kyauta. A ce hoto ɗaya sefa 500 ne, an yi alkawarin ɗaya bisa goma, to sefa 50 na ƙungiya ne. A cikin ragowar mai hoto zai biya wanki, da man babur, da faɗuwar canji idan da naira ya sayo takarda. Ɓarnar tana farawa ne ranar da 50 ɗin ta zarce aljihun shugaba, ko aka ɗora ta a kan iyaye ba da saninsu ba.

Amma ina hotunan suke tafiya? Wannan ce tambayar da ba a yi. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyar matasa ta samariya ta cika garuruwa da wasanni. A 1975 aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. 'Yan kokowar da suka wakilci Damagaram tun daga lokacin ba daga sama suka faɗo ba, a dandalin ƙauye suka fara, bayan girbi, suna yara. Masu hoto sun halarci wasu daga cikin waɗannan tarurruka. Shiga ɗakin wata tsohuwa a Bande ko Waca, za ka iya ganin shaidar a jikin bango: samari a jere, na gaba sun durƙusa, ɗaya ya dafa ƙwallo, rabin fuskokin danshi ya cinye, babu suna babu shekara a baya. Fim ɗin da aka wanke shi daga ciki kuwa, gara da ƙura sun gama da shi.

Dubi Bamako. Malick Sidibé samari ya riƙa ɗauka a wuraren rawa da bakin kogi, yana sayar musu da hoto ɗaiɗai kamar kowane mai hoton unguwa. Bambancinsa shi ne ya adana fina-finansa cikin kwalaye, da kwanan wata. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Benis a Italiya. A nan gida, Philippe Koudjina ya ɗauki matasan Yamai tun shekarun 1960, kuma da aikinsa ake ganin yadda birnin yake a farkon 'yancin kai. Mu yau komai cikin waya yake. Waya ta faɗa ruwa, tarihin gasa guda ya tafi. Dungas ta zama gunduma mai kanta a 2011, wa zai iya nuna hotunan ƙungiyoyin da suka buga gasar waccan shekarar?

Saboda haka yarjejeniya da mai hoto ta wuce lissafin kaso. A rubuta ta, ko a takardar littafin makaranta ce, gaban shaidu biyu: farashin hoto, rabon ƙungiya, ranar biya, da wanda ke riƙe asusu. A rubuta cewa ba a tilasta wa kowane yaro saye, kuma ba a sa hotonsa a Facebook sai da yardar iyayensa. Sannan a sa sharaɗin da ya fi duka: kowace gasa, mai hoto ya ba da hoton kowace ƙungiya a wanke, da sunaye da shekara a baya, ɗaya na ƙungiya, ɗaya na ma'aikatar magajin gari.

Hukumomin Sasumburum, Yekuwa, Dogo-Dogo, Guci da Malawa, ku da ke zuwa ba da kofi ranar ƙarshe: akwati ɗaya da rajista ɗaya ba su fi ƙarfinku ba. Ku tanade su kafin gasa mai zuwa.