Buhun Kaka da Hannun Yara

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ya san yadda farashi ke tafiya. Da kaka gero da dawa da wake kan sauko, amma da zarar damina ta kankama, rumbuna sun fara ƙarewa, sai tiya ta yi tashin gwauron zabi. Shi ya sa magidanci mai hali ke sayen buhu da kaka maimakon awon kullum, dabarar da darajarta ta ƙaru bayan cire tallafin man fetur a 2023, har hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Sai dai sayen buhu rabin aiki ne. Kulawa ce ke sa hatsi ya kai gida damina, kuma kulawar ta fi ƙarfin uwargida ita kaɗai. A ganina nan ne ya kamata a jawo yara.

Mu duba wake, wanda ke da wuyar ajiya ƙwarai. Tun daga gona ƙwaro ke biyo shi, in aka yi sake cikin 'yan watanni sai a tarar da shi duk huji, gari na zuba a gindin buhu. Wasu kan zuba masa maganin ƙwari irin su Sniper, wanda guba ne ga mai ci. Ragowar irin wannan magani ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Alhali akwai hanyar da ba ta buƙatar guba: buhun PICS da masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, ko kuma jarka mai murfi. Iska ake toshewa, ƙwaron ya mutu. Amma da sharaɗi: waken ya bushe ƙayau, a tsince shi, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora buhun kan katako nesa da danshi. Yawancin wannan aikin hannu ne mai cin lokaci, ba mai buƙatar ƙarfi ba. Yarinya 'yar shekara biyar za ta iya zama da faifai a cinya tana ware tsakuwa da ruɓaɓɓen wake, ƙanenta na korar kaji daga shanya. Ɗan shekara goma kuwa zai iya riƙe littafi yana rubuta ranar da aka buɗe buhu da yawan kwanon da ake ɗiba, lissafin da ya fi na allo shiga kai.

Za a ce madafa wuri ne mai haɗari. Gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne: wuƙa da murhu da tafasasshen mai da kalanzir ba na ƙaramin yaro ba ne. Amma tsinta da tankaɗe da ɓarar gyaɗa duk a tsakar gida ake yin su, nesa da wuta. Mai tsoron kada karatu ya taɓu ya tuna cewa ɗan aikin bayan la'asar a gaban uwa daban yake da ɗora wa yarinya talla ta wuni a titi. Wanda kuma ba shi da kuɗin buhu, yana iya shanya kuɓewa da tumatir da tattasai lokacin da suke araha, ko ya haɗa kuɗi da maƙwabta su raba buhu guda.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne wai wannan aikin mata ne, namiji ba ya shiga. Hadisin Nana A'isha da Bukhari ya ruwaito ya nuna Annabi (SAW) kan yi wa iyalinsa hidima a gida. A al'adarmu ma maigida ne ke buɗe rumbu ya fitar da awo. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin kwano nawa tukunyar gidansu ke ci ba, shi ne gobe zai ba matarsa awon mako biyu ya ce sai ya kai wata, rigimar cefane ta tashi.