Haki da ɗan icce: abin da ya kamata mai dashe ya sani

Tun shekarar 1975 ake dashen itatuwa a ƙasar Nijar ran 3 ga watan Agusta. Amma da yawa cikin itatuwan da ake dasawa ba su kai wata damina. Akan ɗora laifi bisa awaki da fari. Akwai kuma wani dalili da ba a cika lura da shi ba, wato hakin da ke kewaye da dashen.

Ɗan icce sabon dashe saiwarsa gajera ce, tana cikin ƙasar sama. Nan kuma saiwar haki take, ga ta da yawa kamar gashi. In an yi ruwa, haki ke fara sha. In ya yi tsawo, sai ya tsare hasken rana, dashen ya tsumbure. Da rani kuma busasshen haki makamashi ne: wutar daji na zuwa, ɗan icce ya ƙone.

Amma ba kowane tsiro ne abokin gāba ba. Sabara da kalgo suna kare iska da rairayin da ke bugun ƙaramin icce, ganyensu kuma yana zama taki. Bincike a ƙasar Senegal ya nuna cewa da dare saiwar sabara tana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa zuwa sama, har hatsin da ke kusa ya amfana.

Saboda haka, ƴan'uwa manoma, ga abin yi:

1. A nome hakin da ke gindin dashe, taki guda ta kowane gefe.
2. A maimaita noman sau 2 ko 3 cikin damina, musamman shekaru biyu na farko.
3. A shimfiɗa hakin da aka nome kewaye da dashen don ƙasa ta riƙe laima. Amma kada ya taɓa gindin, saboda gara.
4. Kada a sare sabara ko kalgon da ke nesa kaɗan. In sun rufe dashen da inuwa, a rage masu rassa.
5. A kewaye dashen da ƙaya saboda bisashe.

Dashe aikin yini ɗaya ne, reno kuwa na shekaru ne. Wanda ke son inuwa gobe, sai ya riƙa kai hauya gindin iccensa yau.