Girman Samfur da Ƙarfin Kankare

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake gina gada ko kwalbati ya ga ma'aikata suna ɗiban ɗanyen kankare suna ɗurawa cikin 'yan akwatunan ƙarfe. Waɗannan su ne samfur. In sun daskare a kan tsoma su cikin ruwa, ran da suka cika kwana 28 a kai su ɗakin gwaji, inji ya matse su har su fashe. Nauyin da samfur ya ɗauka, in an raba shi bisa faɗin fuskarsa, shi ne ƙarfin kankaren. Da wannan lissafi ake karɓar aikin ɗan kwangila, da shi kuma ake cewa ya rushe ya sake.

To, ga abin lura. Kankare ɗaya, kwaɓi ɗaya, amma in aka zuba shi cikin akwati mai milimita 100 da wani mai milimita 150, watau kusan inci 4 da inci 6, galibi ƙaramin zai nuna ƙarfi fiye da babban. Ba inji ne ya yi kuskure ba. Babu kankaren da ba shi da 'yan kofofin iska da tsaga ƙanana a cikinsa, daga nan kuwa fashewa take farawa. Babban samfur ya ninka ƙaramin fiye da sau uku wajen yawan kankare, saboda haka ya fi shi yiwuwar ɗauke da mugun rauni. Doguwar igiya ai ta fi gajera wurin tsinkewa.

Siffa ma ta fi girma tasiri. A Ingila an saba da samfur mai kusurwa huɗu, tsawo da faɗi daidai. A Amurka kuwa mai siffar gwangwani ake yi, faɗi milimita 150, tsawo 300. Ƙarafan inji suna riƙe samfur sama da ƙasa, suna hana shi buɗewa. Gajere duk jikinsa yana cin moriyar wannan riƙo, dogo kuwa tsakiyarsa a sake take. Don haka gwangwani yakan ba da wajen kashi huɗu cikin biyar na abin da mai kusurwa huɗu ya bayar. Shi ya sa Turawa suke rubuta C25/30: lamba ta fari ta gwangwani ce, ta biyu ta mai kusurwa huɗu. Tun 1925 wani Ba'amurke, Gonnerman, ya bayyana gwaje-gwajensa a kan wannan al'amari.

Ƙaramin samfur yana da sauƙin ɗauka, gama bai kai kilo 3 ba, babban kuwa wajen kilo 8 ne. Amma kada a yi amfani da shi in tsakuwa tana da girma: faɗin akwati lalle ya ninka tsakuwa mafi girma aƙalla sau uku.

Saboda haka, ya ku magina da masu duba aiki, in aka kawo muku takardar gwaji, kada ku sa hannu sai kun ga girman samfur da siffarsa a rubuce, kun kuma tabbata su ne aka ambata cikin yarjejeniyar kwangila.