Katangar Laka da Dam ɗin Bakolori

Duk wanda ya taɓa ɗora gida a Bakura ko Maradun ya san katangar laka ba ta tashi rana guda. Magini zai jera tubali sahu biyu ko uku, ya bar rana ta tsotse danshin, sannan ya ɗora. Wanda ya aza azara kan ɗanyen gini, damina ce za ta yi masa hisabi. Ko an gama ma, kowace shekara sai an yi yaɓe, an gyara indararo.

Haka nake kallon arzikin ƙasa, kuma shaidar tana bayan gidanmu. A 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya kammala dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, domin shayar da hekta kusan 23,000 a yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun. Aiki ne babba, amma daga rufi aka fara shi. Manoman da ruwa ya cinye gonakinsu suka yi ta bin diyya, har a Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu. Injinan feshin ruwa da aka kafa kuwa wutar lantarki suke ci, kayan gyaransu sai daga Turai. Da suka tsaya, sai yawancin filin ya koma jiran ruwan sama, har Bankin Duniya ya amince da kuɗin shirin TRIMING a 2014 domin a farfaɗo da aikin ban ruwan. Yaɓen shekara-shekara da aka ƙi yi, shi aka biya da bashi.

A wannan shekara ta 1978 ɗin kuwa, ƙasar Sin ta fara sakar wa manomanta mara, iyali su noma, su sayar da rarar amfaninsu. Koriya ta Kudu ta raba wa manoma filaye tun 1950, ta cika azuzuwan firamare, kafin masana'antar ƙarfe ta Pohang ta fara aiki a 1973. Gudun da duniya ke yaba musu, a kan busasshen sahu suka ɗora shi.

Namu sahun farko a fili yake. Manomin shinkafa ya san gonarsa tasa ce, ruwa ya iso masa ranar da aka ce, a yashe magudanai kafin noman rani. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Mafara su iya gyara famfon da ke maƙwabtaka da su. A cashe shinkafar nan gida, maimakon a loda shanshera zuwa Kano. Kafin duk wannan kuma, manomin Maradun ya iya zuwa girbi ba tare da ya biya 'yan bindiga haraji ba, domin babu mai zuba jari inda ake sace masu yankan shinkafa.